Tukunya a Gefen Tudu

Kowace safiya, kafin motar haƙa ta yi tarin farko ta tashi, Malam Maharazu yakan tsaya a bakin filin da ke bayan gidajensu a unguwar Plumstead ta birnin Landan ya gaida mutumin da ke cikin tudu. Ba da ƙarfi ba. Sandarsa yake ɗan ɗagawa ya ce, “Maƙwabci, an tashi lafiya?” Sai ya dakata kaɗan, domin hana dattijo damar amsawa rashin tarbiyya ne.

Tudun bai wuce ƙugun mutum ba. Baƙo zai ɗauka tsohon juji ne da ciyawa ta lulluɓe. Karnuka na hawansa, yara na gangarowa da keke. Amma an ce wani babba ne kwance a ciki tun kafin mutanen ƙasar su san ƙarfe, kuma hukuma ta kafa doka: ko turke ba a kafawa a kewayensa sai da izini. Maharazu ya daɗe yana saƙa kamannin mutumin a ransa. Wata rana ya ba shi gemu, wata rana ya ba shi garken shanu. Abu ɗaya ne bai taɓa canza masa ba: ba mai surutu ba ne, kuma ya iya riƙon amana.

Da ganye ya fara zuba a bana, sai kamfanin ruwa ya zo canza bututu. Aka kewaye gefen titi da jan shingen roba, aka kawo 'yar motar haƙa mai wuya irin na raƙumi, aka fara yanka rami siriri wanda zai bi ta gindin tudun ya wuce. Maza uku na aiki. Mace ɗaya kuwa, cikin hular kwano da riga ruwan lemo, tana tsaye hannu a aljihu tana kallon ramin. Motar ta kwaso ƙasa, ta duba. Motar ta zubar, ta duba. Maharazu ya ga sana'o'i a duniya, har da mai yawo da karnukan mutane a biya shi, amma bai taɓa ganin mai gadin rami ba.

A rana ta biyu, da ya yi gaisuwarsa ya dakata kamar kullum, sai ya ji wata murya mai kauri ta ce, “Lafiya lau, Baba. Ya sanyi?”

Sandar ta kusa kufce masa. Da ya waiga, mai gadin rami ce ta dafe shinge tana ƙyaƙyata dariya. Sunanta Chundung, 'yar Jos ce, can ta yi karatun binciken kayan mutanen da, nan ta zo ta ƙara. Ta ba shi haƙuri, ya ce babu komai, ai dama ya san idan maƙwabcinsa ya tashi magana Hausar Jos zai yi, tunda shi ma mutumin kan tudu ne. Ta ce gara Hausar Jos da ta mutanen garinsu Kazaure da sai an sa kunne biyu. Tun daga nan suka saba.

Ta bayyana masa aikinta. Duk inda za a yi haƙa kusa da irin wannan tudu, dole a ajiye mai ido. Wanda ke ciki ba shi kaɗai ya zo ba. Danginsa kan biyo shi daga baya, a ƙona gawarsu, a zuba tokar a tukwane a jera a kewayensa. Idan ta hangi wani abu, hannu kawai za ta ɗaga, motar ta tsaya cak, ko da manajan kamfani zai ci hularsa.

“Tukwane,” in ji Maharazu.

“Tukwane, Baba. Na yumɓu, ginin hannu.”

Ya gyara riƙon ledar da ke hammatarsa. A cikinta akwai zanen marigayiya matarsa, Katumi, a ninke.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan da aka haifi 'yarsu Zarah a asibitin unguwar. Lokacin yana masinja a wani ofishi kusa da Charing Cross, inda maigidan da ya kawo shi daga gida ya samar masa aikin kafin ya koma. Katumi na kwance, ko ruwan zafi ba ta sha ba, ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ba za a zubar mata da mabiyiyar 'yarta a shara ba. A gida ungozoma ke wankewa ta binne a bayan ɗaki. Nan kuwa bayan ɗakinsu iska ce, don a hawa na shida na wani bene hukumar unguwa ta ba su gida. Wata nas 'yar Jamaika ta fahimta, ta naɗe masa abin ta miƙa ba tare da tambaya ba. Katumi ta ce ya saka a 'yar baƙar tukunyar da ta ɗauko tun daga Kazaure cikin zannuwa, wadda take cewa miyar kuka ba ta daɗi sai a cikinta. Tukunyar ba ta da murfi, ya kifa mata murfin langa mai jajayen furanni. Bayan sallar asuba ya fita da babban cokalin girki, yana neman ƙasa a garin da aka shafe da kwalta, har ƙafa ta kawo shi gindin wata bishiya a gefen tudun. Bai san dokar wurin ba a lokacin. Ya haƙa iya tsawon hannunsa, ya yi bisimilla, ya binne.

Katumi ta ce masa, inda aka binne mabiyiya nan ƙafar mai ita ke komawa. Shi ya ɗauka zancen mata ne. Sai ga Zarah ta tafi karatu arewacin ƙasar, ta dawo. Ta kama haya a unguwar Catford, ba ta shekara ba ta dawo. Da ta tashi sayen gida, duk faɗin Landan ba ta ga wanda ya yi mata ba sai wanda tagarsa ke kallon filin nan. Ita ta ce don kusa da aiki ne. Maharazu ya san abin da ya sani.

Katumi ta je biki Kazaure shekarun baya, ciwo ya kama ta, aka yi mata sutura a can. Yanzu shi ma gwiwoyinsa sun gaji da sanyi, kuma yana so idan tasa ta zo a kwantar da shi kusa da ita. An yanki tikiti, jirgin komawa gida ƙarshen wata. Zarah ba ta hana shi ba. Ta ce za ta riƙa kira ta bidiyo. Amma kabari ba ya ɗaukar waya. Sau biyu tak ta taɓa taka Kazaure, kuma duka biyun idonta na kan ranar dawowa. Shi kuwa ba zai iya buɗe baki ya ce ki riƙa zuwa ba. 'Yar fari ce, ga shi sunan mahaifiyarsa ta ci. Ko sunanta bai taɓa kamawa ba, Uwata yake ce mata, yana kallon gefe. Abin da baki ya kasa, sai ya ga tukunya za ta iya. Zai naɗe ta a zanen Katumi ya kai ta bayan ɗakinsu na gado ya sake binnewa, sauran aiki kuma na ƙafa ne.

Matsalar ita ce bishiyar. Wata guguwa ta tuge ta a shekarar da Zarah ta fara tafiya, aka sare, aka kwashe, ciyawa ta haɗe bakin wurin. Ya san dai tsakanin tudu da titi ne. Kuma tun da ya ji dokar bai ƙara kusantar wurin da ko tsinke ba. Sai ga Allah ya turo masa kamfanin ruwa da motarsu.

“Baba, mutane sun fara tambayata ko lafiyarka,” in ji Zarah wata yamma da ta biyo da abinci, tana cire takalman aiki a bakin ƙofa. Ungozoma ce a asibiti. Hausa take ji tsaf, amma da Turanci take mayarwa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta ce akwatunansa na nan baki buɗe, shi yana can yana taya ma'aikata kallon rami.

Ya ce rami ma abin kallo ne. Ya zagaya, ya zagaya, sannan ya tambaye ta, yana duban labule, yadda suke yi da abin nan da ke biyo jariri. Ta ce a jakar leda ruwan ɗorawa ake sawa, mota ta zo ta kwasa a ƙona. Kullum sai ta ɗaure da yawa. Ta tambaye shi me ya kawo wannan magana ana shirin cin tuwo. Ya ce babu komai, tunani ne irin na tsufa.

Ramin ya yi ta rarrafe a gefen titi, ana buɗe gaba ana rufe baya, kamar macijin da ke cin ƙasa yana kasayar da ita. Chundung ta riƙa nuna masa abin da ya fito: karyayyen lofen yumɓu, kwalbar magani shuɗiya, cokali mai lanƙwasa, da tsakuwoyi baƙaƙe sumul kamar ƙwan zabi. Ta ce ruwa ne ya goge su haka, don nan duk bakin teku ne a wani zamani da babu ko mutum. Wannan ya yi wa Maharazu daɗi ƙwarai. Ya wuni yana ganin kifaye na ratsa tagogin bas, suna kewaya fitilun titi, maƙwabcinsa na zaune kan tudunsa kamar kan tsibiri yana wanke ƙafa. Tsiryoyi koraye, waɗanda su ma ba a san wanda ya kawo su garin ba, suka wuce ta kansa suna tsiwa.

Ya tambayi Chundung ko an taɓa buɗe tudun. Ta ce an ce wasu masu son sani sun buɗe tun zamanin kakannin kakanni, ba su sami kowa ba. Ƙasar wurin mai cin ƙashi ce.

“To wa nake gaisarwa?”

“Yana nan, Baba. Ya dai bazu ne.”

Kullum yakan zo da niyyar gaya mata, kullum maganar ta maƙale. Yaya namiji mai furfura zai dubi sa'ar 'yar cikinsa ya yi zancen mabiyiya? Kuma idan ya faɗa, wa ya san ko dokar da ta yi barci shekara da shekaru za ta farka? Sai dai ya riƙa bin bakin motar da ido. Faɗin ramin bai wuce kamu biyu ba, filin kuwa ga shi nan har inda ido ya tsaya. Neman allura ne a cikin ruwa.

Ramin ya zo daidai tudun. Ya gota shi. A ranar Chundung ta ce masa jibi za su gama, za a tura ta wani ramin a wata unguwa. Ya yi mata fatan alheri. Ya dubi tudun, a ransa ya ce, maƙwabci, ba haka muka yi da kai ba.

Washegari da hantsi, hazo bai gama ɗagawa ba, motar ta kai baki ta gutsuro gefen ramin, ƙasa ta zubo. Hannun Chundung ya tashi sama. Injin ya mutu. Shirun da ya biyo baya har kukan tsiryoyi ya fito da shi fili.

Ta sauka ramin ta durƙusa, ta zaro ɗan cokalinta irin na magina ta fara karce bango a hankali. Wani abu baƙi mai kumburi ya leƙo, kamar cikin jariri. Ta ajiye cokalin ta ɗauki buroshi. Wuyan tukunya ya bayyana, da zanen da aka yi masa ta hanyar murza totuwar masara a kan ɗanyen yumɓu. Direban motar, wani jibgegen Bature mai jan gemu, ya sauko ya cire hularsa, don an gaya musu abin da irin tukwanen nan ke ɗauke da shi. Wata nawa Chundung tana tsaye a bakin ramuka tana jiran rana irin wannan.

Buroshin ya hau sama. Ƙasa ta zame daga bakin tukunyar, sai ga jan fure, da ganye kore, a kan farin fenti da tsatsa ta ci gefensa.

Chundung ta daɗe tana kallon furen. Ta zauna kan dugaduganta, kafaɗunta suka sauka. Ta san murfin. Babu ɗakin uwar da ba shi da irinsa daga Jos har Sakkwato. Ta ɗago kai a hankali. A bayan shinge tsohon na tsaye, ya jingine sandarsa, ya riga ya warware zane ya shimfiɗa a kan hannuwansa biyu kamar mai jiran a miƙo masa jinjiri.

Ta ce wa ma'aikatan su je su sha shayi. Da suka yi nisa ta ce, murya ƙasa ƙasa, “Baba, ta wace ce?”

Ya kau da kai gefe. Ita ma ba ta sake tambaya ba. Ta ce tata mabiyiyar tana gindin shingen ƙerana a gidan kakarta, in dai masu faɗaɗa titi ba su bi ta kai ba.

“Na ɓata miki rana,” in ji shi.

“Kun ji tsoho. Shekara dubu uku ka ƙwace mini a hannu, sannan ka ce rana.”

A daidai nan Zarah ta ratso filin, da rigar sanyi a kan kayan aiki, wayarsa a hannunta. Ya bar wayar a gida, masu ɗaukar kaya sun yi ta kira har suka kira Zarah. Ta fara faɗa tun daga nesa. Da ta iso ta ga zanen a hannunsa sai ta bar faɗan, don ta san zanen. Ta leƙa ramin.

Chundung ta dubi uban, ta dubi 'yar, ta ga goshi iri ɗaya. Sai ta ɗauke masa nauyin. Ta yi wa Zarah bayani da Turanci, a taƙaice, kamar yadda mace ke gaya wa mace. Maharazu na kallon wata tsirya a kan fitilar titi kamar bai taɓa ganin tsuntsu ba.

Sannan ta faɗi yadda abin yake ta fuskar aiki. Tukunyar ba ta tsufa ba, babu gidan tarihin da zai karɓe ta. A rahoto layi ɗaya za ta ci, kayan zamani. Kuma ba ta kan hanyar bututu, a bango take, ƙa'idarsu kuwa abin da bai tare hanya ba a bar shi inda yake. Amma idan mai ita na so, za ta ciro ta a ba shi.

“A ciro,” in ji Maharazu da sauri. “Kazaure za ta.”

Zarah ta tambaye shi me tukunyar za ta je yi a Kazaure. Ya ce uwarta ce ta ce ƙafa na bin ta. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, kuma ko shi ga fitilar titi ya faɗa wa.

Zarah ta ɗaga shingen ta shiga. Chundung ta buɗe baki za ta yi zancen hular kwano, ta fasa, ta cire tata ta kifa mata. Zarah ta sauka ramin da fararen takalmanta na asibiti. Ta sa yatsu biyu, irin yadda take taɓa kan jariri, ta ɗaga murfin.

Ƙasa ce a ciki. Ƙasa mai ruwan toka da ƙananan tsakuwoyi baƙaƙe, irin ta waje sak. Tukunyar ta tsage ta gindi tun da daɗewa, saiwoyin ciyawa farare sirara sun shiga ta tsagar sun fita, sun ɗinke ta da bangon ramin.

Maharazu ya matso ya leƙa. Ya tambayi Chundung wanne ne abin a ciki. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna tukunyar, ta nuna bangon, hannun ya ci gaba da tafiya har ya haɗa da ciyawar filin da tudun.

Ya ce duk da haka a ciro, ko kaskon ne ya tafi da shi.

Zarah ba ta ɗago ba. Tana shafa zanen totuwar da babban yatsa. Da ta yi magana, da Hausa ta yi, tana ɗora kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.

“Baba, an ce in mai ita na so. Ai tawa ce.”

A duk saƙe-saƙensa na wata guda, wannan bai taɓa zo masa ba.

“A bar ta,” ta ce. “Nan Mama ta ce a sa.”

Ta miƙe, ta kakkaɓe murfin a gwiwarta, ta goge furen da gefen rigarta har jan ya fito. Ta ɗora shi a kan zanen da ke hannuwansa, ta ninke masa kusurwoyin huɗu da kanta. Ta ce ya kai murfin Kazaure ya binne a bayan ɗakin, ya kuma nuna wa wani wurin, kada ya sake dogara da bishiya. Tukunya ba ta zama babu murfi har abada. Wata rana dole wani ya je ɗaukowa.

Ko alkawari ne, ko lallashin tsoho ne, Maharazu bai tambaya ba. Ita ma ta koma Turanci, tana cewa masu kaya na jira.

Chundung ta zaɓo wani faffaɗan dutse daga tarin ƙasa ta rufe bakin tukunyar, ta ɗauki hoto, ta tura ƙasa da hannu ta daddanna. Ma'aikata suka dawo suna share baki. Kafin la'asar shuɗin bututu ya kwanta a ramin, kamu ɗaya daga tukunyar, ruwan unguwa zai riƙa wucewa ta gefenta dare da rana.

Zarah ta yi gaba tana amsa waya. Maharazu ya tsaya daidai tudun, ƙunshin a hammatarsa, ba nauyi kamar yadda ya shirya wa hannunsa. Ya ɗaga sandar kaɗan.

“Maƙwabci, ajiyar dai tana wurinka.”

Ya dakata, kamar kullum. Chundung na bakin rami, hannu a aljihu. Wannan karon ba ta amsa masa ba.